Muryar da Sauro Ya Ara

Sauro ake kiransa a layin masu faci, saboda siririyar muryarsa. Shi kansa yakan ce ranar da ake rabon murya yana can yana neman inda taya ta huje, sai ragowa ya tarar.

Abin ya bi shi har coci. Duk ranar da aka ba shi addu'a, sai ya ari muryar fasto: ya kumbura ƙirji, ya danne haɓa, ya yi ta ruri da kalmomin da shi ma bai san ma'anarsu ba. A shago har kai yake zurawa cikin tsohon durom yana gwaji. A zatonsa Allah ba ya sauraron ƙananan muryoyi.

Wata rana zazzaɓi ya kwantar da autarsa. Ya durƙusa a bakin gado ya fara rurin nan nasa. Yarinyar ta buɗe ido ta ce, "Baba, ka bari. Yesu zai ɗauka fasto ne, ya tafi gidansu ya bar ni."

Kunya ta rufe shi. Ya saki ƙirjin, ya ce da muryarsa ta gado, "Ubangiji, ni ne, mai faci. Ga 'yata." Daga nan sai hawaye. Bai taɓa jin an saurare shi kamar ranar ba.

Yanzu da wannan muryar yake addu'a a coci, yara suna ƙunshe dariya. Yakan ce, "Ku yi dariyarku. Wanda ya yi muryar nan bai taɓa cewa tana bukatar faci ba."