Ƙwanso Mai Huda Ɗaya

Gidanmu na Nassarawa GRA akwai murhun gas a kicin, amma Hajiya Inna, mahaifiyar babanmu, ta ce tuwon gas ba ya kama ciki. Sai aka kafa mata duwatsu uku a bayan gida, gindin mangwaro. Nan muke zama bayan Magariba ni da yayata Bilki, Inna tana tuƙi tana ba mu tatsuniya. Na Gizo duk mun haddace. Akwai dai guda ɗaya da ta hana ni sakat, wadda ba ta fara ta sai ta kwance bakin zaninta ta ciro wani ɗan farin ƙwanso. A gefensa akwai huda ɗaya, zagayayya tas, kamar da kibiyar saƙa aka yi ta.

"Ga ta nan, amma yau babu Gizo," in ji ta. A bakin Bahar Maliya, inda suka zauna jiran jirgin Makka tana ƙuruciya, wai akwai wani dodon koɗi da bai fi ƙwallon dabino ba. Ba ya cin ganye, 'yan uwansa yake ci. Yana tafe ƙarƙashin yashi har ya ci karo da wata katantanwa. Ita kuwa sai ta shige ɗakinta ta ja ƙofa ta kulle gam. Shi ko ƙofar ba ya kallo. Sai ya rungume ɗakin, ya zuba miyau mai tausasa bango, ya sa harshe yana goga, ya wuni ya kwana, har ya huda. Ta nan zai zura baki ya cinye ta.

"Sai me, Inna?"

"Sai ya tafi."

Kaina ya ɗaure. Abin da ba shi da ƙafa, ba ya sauri, yaya zai yi farauta? Kuma a kowace tatsuniya wanda aka cinye akwai laifin da ya yi, ko kwaɗayi ko rashin jin magana. Na ce, "Ita me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba, 'yar nan. Ta ma kulle ƙofa."

Ni tun ina ƙarama ba na barin magana ta kwana. Na kai labarin aji, malamarmu, Malama Rifkatu 'yar Zariya, ta yi murmushi ta ce tsofaffi akwai ƙirƙira, yara suka yi ta mini dariya. Da yamma na tsaya kan Inna na ce ƙarya take, da ƙusa ta huda abinta. Ba ta yi faɗa ba. Ta mayar da ƙwanson ta ƙulle, ba ta sake ciro shi ba har ta rasu.

Sai a jami'a, a darasin halittun ruwa, aka haska mana hoton hudar nan. Harshen mai ƙananan haƙora kamar magagari, ruwan da ke narkar da ƙwanso, tsawon lokacin da yake ɗauka, duk yadda Inna ta faɗa. Kunya ta rufe ni. Na dawo gida na ba Baba labari, sai ya ce a bakin tekun nan ta binne ɗanta na fari. Cuta ce ta shigo zangon alhazai, ta shige bukka da shi kwana da kwanaki, ba ta barin kowa ya leƙa, amma ya tafi.

Har yau ban san abin da take so mu koya ba. Mu daina kulle ƙofa ne, ko mu kulle duk da haka? Wataƙila ma ba koyarwa take ba, neman wanda zai ce mata ba laifinta ba ne take. Ta samu yarinya 'yar shekara tara, yarinyar ta ce mata maƙaryaciya.