Farar Hoda a Ɗakin Inna

Shekarar da aka yashe kanal ɗin ban ruwa na bayan gidanmu, ruwa ya ƙaru a cikinsa, bangon ɗakin Inna ya fara tsagewa. Siririyar tsaga ce, daga ƙasan taga ta gangara bayan gadonta. Yayana da ke zaune a Kano ya zo ya gani, ya ce ƙasar gidan ta sha ruwa, in tsagar ta ƙara buɗewa zai ɗauke Inna zuwa gidansa, ko tana so ko ba ta so. A ɗakin nan Baba ya cika.

Ni aka ɗora wa cike tsagar, tunda a Bunkure nake aure, duk Juma'a da la'asar nake leƙo ta. Na shiga shagon kayan gini a Kura, mai shagon ya nuna min iri biyu. Akwai kwaɓaɓɓe a bokiti, shi sai ya kwana bai bushe ba. Akwai farar hoda a buhu, a kwaɓa ta da ruwa, kafin a shanye kofin shayi ta ƙame. Ni na bokitin na so, ba ruwanka da kwaɓi. Na kira Inna, ta tambayi wanne ya fi saurin bushewa, na ce hoda, ta ce ita zan sayo. Na ce saurin me take yi? Ta ce hoda dai. Raina ya ɓaci, amma na sayo, don musu da Inna ɓata baki ne.

Na cike, na goge, bango ya yi sumul. Duk zuwa sai na leƙa bayan gado, lafiya lau. Yaya ma ya zo ya shafa, ya ce shi ke nan, tsagar ta tsaya. Wallahi har daɗi na ji.

Sai dai ɗakin ya riƙa wari irin na rijiya. Ƙofa ta fara cijewa, sai an sa kafaɗa. Tabarmar sallarta kullum da danshi, ga shi tsakiyar rani ake, masu shinkafa na ta ban ruwa a bayan katanga. Na yi magana, ta ce buta ce ta zube.

Wata Juma'a na samu motar tumatir, na yi sammako. Na tarar an janye gado. Inna na durƙushe da kwano da wuƙar yanka kuɓewa, tana cusa farin kwaɓi a cikin tsagar. Tsagar da na cike tana siririya, yanzu hannuna zai shige. Buhun na gefe, saura kaɗan a gindinsa. Ashe kafin kowane zuwa nawa take cikewa, ya ƙame, ta mayar da gado. Tsoro ya kama ni.

"Inna, bangon nan zai faɗo miki."

Ba ta juyo ba. "Auta, in kika faɗa wa yayanki ya kai ni birni, ba zan kai azumi ba. Ni na san kaina."

Na ɗora tafin hannu a bangon. Jiƙe yake, ina jin motsin ruwan kanal ta cikinsa. Ta kakkaɓe buhun, ta miƙo min, ta ce in sayo wani kafin Yaya ya zo.

Na karɓa, na fita soro, na kira Yaya. Washegari ya zo da mota, ya tafi da ita.

Ba ta kai azumin ba. Bangon kuwa har yau yana nan tsaye, da sawun wuƙarta a jikin farar hodar.