Maɗacin Ƙofar Gidan Baba Ɗan Azumi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 6 ga Mayu 2025, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Baba Ɗan Azumi mai magani a gidansa da ke Yekuwa. An ce shekarunsa tamanin. Ban ga takarda ba, don haka ba zan tabbatar ba.

Baba, wata biyu na yi a wurinka ina binciken kammala digirina na lisans kan ɓawon itatuwan magani. Ban taɓa ganin ka sassaƙi maɗacin ƙofar gidanka fiye da faɗin tafin hannu ba. Gefe ɗaya kake ɗiba, ka shafe wurin da laka, ba ka komawa sai ya warke. Ranar da gizagona ya nutse cikin iccen, ka karɓe shi ka ce, "Mubaraka, fata aka ce ki ɗiba, ba ƙashi ba." Uwar da ta zo da yaro mai ciwon ciki kuwa, ko ba ta da komai, da magani take komawa.

Ga abin da na gani ranar sadakar uku. Mutane suka shafa fatiha, suka sha fura, sai suka miƙe suka nufi maɗacin, wai albarkarka na cikinsa. Wasu da wuƙa, wasu da gizagon da suka ɓoyo a ƙarƙashin riga tun daga gida. Da na yi magana, wani dattijo da goro cike da baki ya ce, "Ke 'yar lakkwal mai karatun boko, yanzu icce ma takaba zai shiga?" Aka fashe da dariya, matarka Inna Mas'uda tana jin su daga ɗaki.

Washegari na auna. Zagayen gangar iccen santimita 212 ne, ɓawon da ya rage a haɗe daga sama zuwa ƙasa santimita 19. Sau uku na auna. Idan aka cire wannan, abinci ba zai ƙara sauka ga saiwa ba, iccen zai bushe a tsaye. Ni da 'yarka Rahama mun rufe raunin, mun kewaye shi da ƙaya. Jiya da safe muka tarar an janye ƙayar ta gefe ɗaya. Ban sani ba ko zai kai damina.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Mas'uda da Rahama da sauran iyali, Allah Ya ba su haƙuri. Mai niyyar zuwa sadakar arba'in kuma, don Allah ya zo da addu'arsa, ya bar wuƙarsa a gida.