Anzar Tsakar Gidana

Da hannuna na shuka anza a tsakar gidana na Tasawa, ban nemi shawarar kowa ba. A ajin yaƙi da jahilci, inda na koyi karatu da furfura a kaina, malamarmu ta ce itacen nan ba ya neman ban-ruwa, kuma 'ya'yansa abinci ne. Dariya na yi. Mu 'yan ƙauyen Issawane za a koya wa anza? Amma na samo iri, na kewaye wurin da ƙaya saboda awaki. Ta daɗe tana rarrafe kafin ta kai ƙuguna, kore shar ko da tsakiyar rani.

Sai ƙanena ya kawo Inna daga ƙauye, za a yi mata aikin ido. Na share mata ɗaki, na yi sabuwar shimfiɗa, ina murna karon farko za ta kwana ƙarƙashin rufina. Tun daga zaure ta tsaya.

"Ke, mi ne ne wancan?" Ba ta kiran sunana, ni ce ɗiyar fari.

"Anza ce, Inna."

"Yunwa kika shuka a gida? Har da shinge, kada ta gudu?"

Bakina ba ya jiran hankalina. Na ce, "Ita ta raya mu shekarar fari. Butulci ba kyau."

"Ke ta raya."

Ta zauna a dakalin zaure, ta faɗa mini abin da ban taɓa ji ba. 'Ya'yan anza sai an jiƙa su kwana da kwanaki, ana zubar da ruwa ana sakewa, har ɗacin ya fita. A shekarar nan ina wurin kakata. Ƙanwata ta yi ta kukan yunwa, Inna ta kasa jira, ta tsame su da wuri ta dafa mata. Cikin yarinyar ya ɓare, ba ta tashi ba. Ni ƙyanda aka ce mini ta kashe ta.

Na shiga na ɗauko gatari.

"Aje shi," in ji ta. "Itace mi ya yi?"

Amma ba ta ƙetare zauren ba. Ta sa ƙanena ya kai ta gidan wata 'yar ƙauyenmu a bayan tasha. Can ta yi jinya, a kan tabarmar aro. Kullum nakan ratsa gari da kwanon tuwo a ka. Takan karɓa, ta sa mini albarka, ta tambayi lafiyar yara. Da idon ya warke, daga can motar ƙauye ta ɗauke ta.