Na Gaida Kaka a Tsaye

Ana kiran assalatu muka bar Funtua, ni da ƙanwata, za mu gaida Kaka a ƙauyenmu da ke bayan Malumfashi. An haife ni ƙafafuna sun tsaya a gwiwa, a ƙasa na girma ina rarrafe. Bana aka sa mini na roba, masu gwiwar da ke lanƙwashewa da kanta, har caji ake musu kamar waya. Wannan ce doguwar tafiyarsu ta farko.

Damina ta zauna. Masara ta yi kore shar har bakin kwalta, gari na wayewa a kanta a hankali. A Bakori muka sayi gasasshiya, ta yi tsada kamar ba a nan ake noma ta ba. Kwandastan motarmu ya ce in matsa, in naɗe ƙafa. Na ji daɗin faɗan nan, ba a taɓa yi mini irinsa ba.

Abu ɗaya ke cina a rai. Ban iya durƙusawa da su ba tukuna, Kaka kuwa idonta ya tafi. Da hannu take gane ni. Takan miƙo shi ƙasa, ta tarar da kaina daidai gwiwarta.

Daga inda babur ya aje mu na taka da kaina, ta tsakanin kunyoyin dawa. Ƙasar da tafin hannuna ya san sanyinta, yau ina bisa kanta ba na jin komai. Na yi kewarta.

Muka same ta a tabarma tana ɓarar gyaɗa. Na yi sallama, ta miƙo hannu inda ta saba, sai ta dafa ƙarfen sabuwar ƙafata.

"Wace ce wannan mai gaida ni a tsaye kamar soja?"

"Ni ce, Kaka."

Sai ta kama zanena ta miƙe, tana laluben kafaɗata, wuyana, har ta kai kumatuna. Ashe na fi ta tsawo.

"Ja'ira," ta ce. "Duk tsawon nan kika ɓoye mini?"

Da la'asar muka juyo, muka iso gida bayan magariba. Na koyi cewa tsayuwa ma tana raba mutum da wani abu. Tun a mota nake marmarin hannun nan a tsakiyar kaina. In na koma zan cire ƙafafun a bakin ƙofa, in shiga mata yadda ta san ni.