AA ɗin da Ba a Gwada Ba

Ina tsakiyar cin abinci Anti mai gwajin jini a wani ƙaramin asibiti ta kira ni. Ni na rubuta musu ɗan shirin kwamfutar da ke fitar da takardar gwajin kafin aure.

"Malam, wani ango daga Ibeto ya karɓi takardarsa, an rubuta AA. Ga kwalbar jininsa a gabana, wallahi ko buɗe ta ban yi ba."

Nan take na tuna da can in shirin ya nemi sakamako bai samu ba, tsayawa yake yi cak. Abin ya ishe ni, sai na saita shi ya sa AA kawai ya wuce.

"Anti, yaushe ne ɗaurin auren?"

"Jibi. Kuma amaryar AS ce."

Na gyara, yanzu in babu sakamako "ba a gwada ba" yake rubutawa. Amma wayar angon a kashe take, ga ni zan hau mashin zuwa Ibeto in nemo shi.

Abokan sana'a, tsakani da Allah, me kuke cusawa a gurbin da babu komai?