Ɗakin da Fanna Ta Kasa Shiga

Har gobe ban manta da ranar da Dakta ya zo daga Maiduguri duba ɗakin hutun da na tsara ba. Ku da kuke ganin aikinmu bai wuce zane da awo da siminti ba, ku gyara zama.

A tsakiyar shekarun saba'in ne, ina foman a wata kwalejin horar da malamai a nan Potiskum. Foman shi ne mai kula da kafintoci da birkiloli da leburori. Sama da ni akwai Firinsifal, sama da shi kuma akwai ma'aikatar ilimi a Maiduguri. Ƙa'idar aikinmu ita ce, fenti da gyaran rufi da haɗa kujeru duk ina iya yi da sa hannun Firinsifal. Amma fasa bango, ko da ƙaramar taga ce, sai an rubuta wa Maiduguri, amsar kuma kan ɗauki wata da watanni, in ma ta zo ke nan.

A shekarar aka kawo mana sabon aji: mutanen da suka riga suka gama digiri, za su yi shekara guda suna koyon dabarun koyarwa. Ba yara ba ne, wasu har da furfura. Firinsifal ya ce bai dace a haɗa su da 'yan makaranta ba, ya ba ni tsohon sito ya ce in mayar musu da shi ɗakin hutu. A ciki za su yi karatu, su ci abinci, su miƙe ƙafa, masu salla su yi salla. A ciki kuma za a riƙa yin tattaunawar mako-mako, wadda ake ba wa maki kamar jarrabawa. Duk wanda malamin jami'a, wato Dakta, ya zo bai gan shi yana magana a tattaunawar ba, an cire sunansa daga ajin.

Na yi aikin da zuciya ɗaya. Kun san zafin garin nan, sai na ɗaga silin, na sa fanka, na girke randa a kan yashi a bakin ƙofa. Kusurwar gabas na bar ta fili da tabarmi. Kujeru na sa aka yi musu kushin mai kauri, har wani ɗalibi ya ce in ya faɗi jarrabawa ni zai kai ƙara, don da ya zauna barci ke ɗaukarsa. A tsakiya kuma babban teburi, kujeru kewaye da shi, kowa na kallon kowa. Wannan ra'ayin Firinsifal ne, kuma ni ma ya burge ni. Ƙofa ɗaya ce tak.

Mata uku ne a ajin. Biyu 'yan Kudu ne, suna shiga suna fita abinsu. Ta ukun ita ce Fanna, matar aure daga unguwar Hausari, wadda duk garin ake alfahari da karatunta. Kullum sai in gan ta a gindin darbejiya da littattafai a cinya, rana na bin ta tana matsawa. Abin ya ba ni haushi, don na ɗauka raina aikina ta yi.

"Ya Fanna, wushe," na gaishe ta da yarensu. "Kujerun nawa ne ba su yi miki ba?"

"Wushe, Foman. Kujerunka ba su da laifi." Ta sunkuyar da kai. "Baba na ciki."

Sai a lokacin na gane, ashe ruwa ba ya tsami banza. Dattijon ajin, Ba Kyari, tsohon hedimasta ne da ya yi digiri da girmansa, kuma baffan mijinta ne. Shi ya riƙi mijin tun yana maraya, shi ya yi masa aure. Wato surukinta ne sosai. Ba ta faɗin sunansa, ba ta cin abinci a gabansa, in sun haɗu a hanya durƙusawa take har ya wuce. A aji tana iya lafewa can baya ta yi shiru. Amma ta hau kujera daidai da tasa, ta dubi fuskarsa, ta yi masa musu a kan ilimi? Ko da wuƙa aka sa mata a wuya ba za ta yi ba.

Makonni suka shuɗe ba ta halarci tattaunawa ko ɗaya ba, ga ranar zuwan Dakta tana matsowa. Na ji labarin ta je ofishin Firinsifal ta ce za ta ajiye karatun.

Washegari Ba Kyari ya same ni a rumfar kafintoci. Mutum ne mai kwarjini, in ya shigo wuri har zarto sai ya yi shiru.

"Foman, ɗana," ya ce, "kai ka gina ɗakin nan, kai za ka san inda yake yoyo. In yarinyar nan ta bar karatu saboda ni, da wane ido zan dubi gidanmu? In kuma na ce mata ta shigo ta zauna, na zubar mata da abin da iyayenta suka ɗora ta a kai. Ka nema mana mafita."

Na tafi wajen Firinsifal da shawara biyu: a yi ƙofa ta baya, a kuma tsaya da kantar littattafai mai tsawo a gefe guda, yadda murya za ta wuce amma ido ba zai wuce ba. Ya ajiye biro ya dube ni.

"Kana so Dakta ya zo ya tarar mun ɓoye mace a bayan katako? Ka san abin da zai rubuta? Kuma wa ya ba ka izinin fasa bangon gwamnati?"

"Ranka ya daɗe, in ba a yi ba tafiya za ta yi."

"Na sani!" Ya buga teburi. Shi ma ɗan Arewa ne, yana da surukai, ba sai an yi masa bayani ba. Ya dubi silin, sannan ya ce, "Siton nan ba ya da tsohuwar ƙofa ta baya da aka toshe, inda mota ke sauke kaya? Buɗe abin da dama can yana cikin zanen gini gyara ne, ina da ikon sa hannu. Kanta kuwa kayan ɗaki ce. Amma in Dakta ya ce a cire, hannuna ba ya ciki."

Muka buɗe ƙofar. Kantar na sa aka yi ta da tsawon da ya wuce kan mutum a zaune, aka cika ta da littattafai, aka bar mashiga a ƙarshenta. Ban kafa ta a ƙasa ba, don in za a yi taro a iya janye ta. A bayanta na ajiye ƙaramin teburi da kujera ɗaya. Fanna ta zo ta duba, ta ce Allah ya saka. Fentin bai gama bushewa ba Dakta ya iso.

Dakta mutum ne siriri mai tabarau, ba ya yawan magana. Ya zaga ɗakin, ya danna kushin, ya leƙa randa, ya gyaɗa kai. Ɗalibai suka zazzauna a babban teburi, Ba Kyari a kujerar da ke kan gaba kamar kullum. Ni ina tsaye a bakin ƙofa. Dakta ya fara kiran suna. Da ya zo kan Fanna, sai aka amsa daga bayan littattafai.

Ya cire tabarau. Ya taka har ƙarshen kantar ya leƙa, ya dawo ya dubi Firinsifal.

"Me ya sa wannan ɗalibar take nan ita kaɗai?" ya tambaya da Turanci.

Firinsifal ya fara bayanin al'ada, Dakta ya ɗaga hannu. Ya ce shi an aiko shi ne ya ga ana koyar da mata daidai da maza, ba zai ba da maki ga muryar da ke fitowa daga lungu ba. Ko dai ta zauna a teburi kamar kowa, ko ya rubuta ba ta halarta ba. Sannan ya tambayi wanda ya yi kantar.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Tana motsawa?"

Na so in ce a kafe take, amma sawun janta na nan a siminti, kowa na gani. Na ce tana motsawa.

"To a janye ta."

Na kira leburori biyu. Suka kama kantar, ni kuma ina jin motsin Fanna tana tattara littattafanta. Na san da kantar ta matsa za ta fice ta ƙofar da na buɗe mata, kuma ba za ta dawo ba. Wallahi a lokacin na ji kamar in zauna in yi kuka.

"Ku dakata," in ji Ba Kyari.

Ya miƙe. Ya dubi Dakta ya yi magana da Turancinsa na tsofaffin hedimastoci, a hankali. Ya ce Dakta ya yi gaskiya, wurin ɗalibar nan teburi ne. Ya ce kantar kuma ta yi daidai, sai dai an yi kuskuren wanda za a sa a bayanta. In dole ne a ɓoye wani, to shi za a ɓoye.

Sannan ya juyo gare ni da Hausa, bai kama sunan Fanna ba. "Foman, ka sa wa uwar yaran nan kujera a teburi. Ka gaya mata in ji ni, ta yi magana ta buɗe murya."

Ya sunkuya ya ɗauki kujerarsa da kansa. Samari suka zabura za su karɓa, ya hana. Ya fita ta ƙofar gaba da ita a hannu, dattijo mai furfura, ya zagaya ginin cikin rana. Na je na faɗa wa Fanna saƙon. Ba ta motsa ba har sai da ta ji takunsa a ƙofar baya, sannan ta fito ta mashigar kanta ta zauna a tsakanin matan nan biyu.

Dakta ya dubi kantar. Ya mayar da tabarau ya ce, "Mu fara."

Da farko muryarta ba ta fita. Can sai ta saki jiki. Aka zo kan batun koyar da yara karatu da harshen gida, Ba Kyari ya faɗi ra'ayinsa ta saman littattafai, ita kuma ta ce, "Wanda ya yi magana yanzu yana da hujja, amma akwai abin da ya rage." Ta kawo nata dalla-dalla. Dakta na ta rubutu.

Ni na zagaya na tsaya a ƙofar baya, don haka ni kaɗai na ga Ba Kyari. Yana zaune a lungun nan, gwiwarsa ta tokare ƙaramin teburin da ba don tsawonsa aka yi ba, surukarsa na warware masa magana a gaban jama'a, shi kuma yana goge ido da hannun babbar rigarsa yana murmushi.

A lungun ya ƙare shekarar, ita kuma ta karɓi takardarta tare da kowa.

Tun daga ranar, in aka ba ni ɗaki in tsara, kafin in ɗauki awo sai na tambayi su wa za su zauna a ciki, da kuma yadda suke da juna. Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Ni da Firinsifal da Fanna kanta, duk mun yi ta juya maganar nan, amma babu wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa babban ne zai koma lungu. Mun saba cewa babba juji ne, amma sai ranar na gan shi da idona ya ɗauki kujerarsa.